Zanen da Ke Bayan Siminti

Juma'a, 3 ga Agusta 1962, da hantsi

Faɗin tsagar da ke fuskar soro inci ɗaya da kwata. Shekaranjiya inci ɗaya ne cif. Na auna da rular makaranta sau biyu don kada in yi wa bango ƙazafi.

Na buɗe littafin nan ne don rubuta awo kawai.

Amma ya kamata a san wane soro ake aunawa. Kakana, Malam Jumare, ya sa aka gina shi a nan Tambuwal tun kafin Turawa su zo. A cikinsa ya karantar, a cikinsa mahaifina ya karantar. Ni kuwa da aka kai makarantar Midil ta Sakkwato na dawo na zama hedimasta, abin da na ƙara masa shi ne siminti. Saura wata guda bikin samun mulkin kai na kawo birkila daga birni ya shafe fuskar gaba ɗaya, har da zanen da ke jikinta, aka bi da fenti fari da kore. Mutane sun zo kallo daga Dogon Daji. An ɗauke ni hoto a bakin ƙofa, hannuna ɗaya a jikin bangon.

Yau na ƙwanƙwasa wurin da hannun nan nawa yake a hoto. Ƙarar ƙwarya ya yi.

Lahadi, 5 ga Agusta, bayan Azahar

Ruwa tun safe. Inci ɗaya da rabi.

Goggo Nana, ƙanwar mahaifina, ta same ni tsugune da rula. A gidan nan aka haife ta, a nan ta dawo bayan rasuwar mijinta, kuma ita kaɗai ta rage a zuriyarmu cikin waɗanda suka ga kaka da idonsu.

Ta ce, "Attahiru, mi kaka aunawa?"

Na ce tsaga ce.

Ta ce, "To in ka ƙare, ka karanta mata abin da kar rubuta, wataƙila ta ji kunyar hedimasta ta tsaya."

Na yi dariya don ba ni da abin yi. Ta juya za ta shiga, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Mai maganin bangon ga shina Kebbe. Ka san hanya."

Na san hanya.

Talata, 7 ga Agusta, da yamma

Ɓallin siminti ya faɗo daga saman ƙofa, daidai tsakiya, faɗinsa kamar faifai biyu. Goggo tana fitowa da buta. Allah ya tsare kanta, amma ya sami ƙafar hagu. Mai ɗori ya ce yatsu biyu ne suka karye. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na duba inda ɓallin ya bari. Ƙasar da ke baya baƙa ce, jiƙe sharkaf, tana warin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Na sa yatsa ya shige har gaɓa ta biyu. Babu zane. Babu ko alamarsa. Shekara biyu ruwa yana shiga ta sama, siminti ya hana shi fita.

Ɓallin da ya faɗo babu shi yanzu, na mai da shi gari. Ummu, mai ɗakina, ta zo ta zare taɓaryar daga hannuna, ta share garin da tsintsiya.

Laraba, 8 ga Agusta, bayan La'asar

Na ɓamɓare duk wanda ya saki da kaina kafin ya faɗo kan wani. Guda goma sha bakwai. Na kira Lauwali mai jakuna, na ce ya rufe su da buhu ya kai kududdufin bayan unguwa ya zuba, ya bi ta lungu, lokacin da mutane ke gona. Ya yi sawu biyar. Bai tambaye ni dalili ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Na rataya zanar ciyawa guda uku a fuskar soron. Duk wanda ya tambaya, fenti ake sabuntawa.

Alhamis, 9 ga Agusta, da safe

Ba abin aunawa kuma, tsagar ta tafi kududdufi. Na rasa abin da zan yi da safiyata.

Juma'a, 10 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Liman ya tare ni a bakin masallaci, ya ce ranar Litinin Mauludi, karatu a soron Malam kamar kullum ko? Na ce fenti bai bushe ba, warinsa zai dami tsofaffi. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "To, Allah shi busar da shi."

Da alwalata na faɗi wannan. Ko takalmi ban gama sawa ba.

Asabar, 11 ga Agusta, da hantsi

Amsar saƙon da na aika wa birkila ta zo ta hannun direban lori. Ya ce laifin shi ne simintin farko bai yi kauri ba, a sake shafawa inci biyu a sa waya a ciki. Na zauna na lissafa buhu nawa zai ci. Har na ji sanyi a raina, don hanyar Sakkwato ta fi mini hanyar Kebbe sauƙi, ko da ta fi nisa. Sai na ɗaga zana na sake sa yatsa a bangon. Na yaga takardar.

Na rubuta wasiƙa zuwa Kebbe, da ajami. Sau uku ina sakewa. Ta farko ta yi kama da rahoton sufeto, ta biyu duk bayani ne kan yadda kowa ke sa siminti a lokacin. Ta ukun na kai wa Goggo in karanta mata. Tana kwance, ƙafar a kan matashi. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Ta yi daɗi. Da takarda kaz zage shi?"

Na ce a'a.

"Da mi?"

Na ce da baki.

"A ɗaka ko a waje?"

Na naɗe wasiƙar na fito.

Lahadi, 12 ga Agusta

Ban je ba. Ruwa.

Litinin, 13 ga Agusta, da yamma

An yi karatun Mauludi a zauren Liman. Goggo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an yi shi a wani wuri ba, har shekarar yunwa. Zauren bai ɗauki mutane ba, rabi suna waje cikin yayyafi. Na zauna can baya wajen takalma. Babu wanda ya ambaci soron. Kowa ya gaishe ni da kyau ƙwarai.

Talata, 14 ga Agusta

Ban je ba. Yau babu ruwa.

Laraba, 15 ga Agusta, bayan Asuba

Azara biyu na rufin, na kusurwar gabas, sun sauka. Kansu a cikin bangon gaba yake, bangon kuwa ya zama kunu. Ƙasa ta zubo daidai inda kaka ke shimfiɗa buzunsa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi uku ko huɗu, soron zai durƙusa.

Bari in rubuta, tunda na ce littafin nan na awo ne, a auna har da ni.

Mutumin da ke Kebbe shi ne Baba Tambaya, magini. Mahaifinsa ya gina soron ya zana fuskarsa. Shi kuma shekara arba'in yana yaɓe shi duk rani, yana shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin bango. Abokin mahaifina ne, shi ya riƙe ragon sunana. Ranar da birkila ya fara aiki ya zo da sandarsa ya ce, "Attahiru, bangon ƙasa numfashi shika yi. In ka toshe mai hanci, ruɓewa za shi yi daga ciki." Akwai mutane wajen ashirin, da malaman makarantata, da baƙo daga En'e, wato hukumar gargajiya. Na ce, "Tambaya, zamanin laka ya wuce, kai ma ka wuce tare da shi. Je ka huta."

Tambaya. Haka na kira shi, tsirara, ba Baba. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya tafi. Da kaka ta yi ya koma Kebbe wurin ɗansa Bube.

Na sha gaya wa kaina cewa dama zai koma. Gobe zan hau keke.

Asabar, 18 ga Agusta, Kebbe, bayan Azahar

Kwana biyu a hanya. Keken ya ɗauke ni rabi, na ɗauke shi rabi. Na ƙetare rafi biyu da shi a ka. Na iso laka har gwiwa, na ce wannan ma daidai ne.

Bube ya fito, mutum ne kamar sa'ana, magini shi ma. Ya gane ni. Ya amsa sallama, bai miƙo hannu ba, ya ce tsoho yana ciki.

Ban san idonsa ya tafi ba. Yanar ido ta rufe duka biyun, sai haske da duhu kawai yake rarrabewa. Yana zaune a kan tabarma yana murza igiya. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa.

Ya ce, "Wa na?"

Na ce, "Ni na, Baba. Attahiru na Tambuwal."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. "Baba. Yaushe anka naɗa ni?"

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce na yi laifi, na zo a yafe mini. Na ce a gaban mutane na yi, kuma in ya so a gaban mutane zan maimaita wannan.

Ya ce, "Bari wannan. Ya faɗi?"

Na ce bai faɗi ba tukuna.

"Wane gefe yaf fara? Gabas?"

Na ce gabas.

"Indararon gabas gajere na, kullum nika ƙara mai baki. Birkilanka ya toshe shi ko?" Na ce ya toshe, don ya ce yana ɓata kyan fuskar. Tsohon ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. Ya yi ta tambaya kamar mai tambayar majiyyaci, launin ƙasar, warinta, ko akwai gara, azara nawa suka sauka. A nan kaɗai awona ya yi amfani. Da na faɗi ƙafar Goggo sai hannunsa ya tsaya.

Bube ya ce daga bakin ƙofa, "Baba, ba inda za ka cikin ruwan ga. Wanda yas san zamani shi gyara."

Tsohon ya ce, "Nemo jaki. Ba don shi za ni ba. Hannun ubana na cikin bangon ga."

Laraba, 22 ga Agusta, Tambuwal, da yamma

Mun iso jiya. Ni na ja jakin tun daga Kebbe, keken na bar shi can.

Yau da safe aka sauke zanan. Unguwa duka ta ga fentin da bai bushe ba. Baba Tambaya ya bi bangon da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana sa kunne, yana sansanawa. Ya ce a cire sauran simintin duka yau, a tokare rufin da azara huɗu daga ciki, a buɗe indararo, a yi wa fuskar rumfar ciyawa nesa da jikinta don iska ta ratsa. Ba za a taɓa yaɓe ba sai ruwa ya ɗauke. Ya ce bangon zai rayu.

Na tambayi zanen. Ya ce, "Ya tafi." Na ce ai shi ya san shi, shekara arba'in. Ya ce, "Bin sawu hannuna yas sani. Inda ubana yab bi nika bi. Ban taɓa ɗora shi bisa bango fili ba, balle yanzu da ba ni gani."

Goggo tana jin mu daga cikin zaure, an fito da ita a kan kujera. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ana cikin ɓamɓarar sauran, Bube ya jingina wani ɓalli kusa da tsohon. Tsohon ya kai hannu don ya matsar da shi, sai yatsunsa suka sauka a bayansa. Ya sake shafawa a hankali. Ya ce, "Bube, wanko man wanga."

Da aka wanke, ga shi nan. Simintin da aka shafa a kan zanen ya ɗauki siffarsa, kowane tudu ya zama kwari, kowane kwari ya zama tudu. Ƙwayoyin tasbaha guda tara da gefen dagi, har da sawun babban yatsan wanda ya fara zanawa.

Tsohon ya ce, "Wanga ƙafar zanen ta. Ina na sama? Ina sauran?"

Lauwali yana wurin, ya zo kawo azara. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar jakinsa wadda ba abin da ya same ta.

Na ce suna cikin kududdufi. Na ce ni na sa aka zuba, a ɓoye, don kada a gani.

Liman yana tsaye a bayana. Ban san ya zo ba.

Alhamis, 23 ga Agusta, bayan Azahar

Na ce a jira rani ruwan ya janye. Baba Tambaya ya ce kududdufin nan ba ya ƙafewa, kuma kowane ruwa laka yake ƙara binne su. Ya ce, "Ni ma ban yi alkawali da rani ba. So nika in sa shi hannun Bube tun ina iyawa."

Lauwali ya ce zai shiga ya lalubo, ya san inda ya zuba. Na ji daɗi, har na fara yi masa godiya. Goggo ta ce daga ciki, "Lauwali, kai kas shafa simintin?"

Asabar, 25 ga Agusta, bayan La'asar

Na shiga da hantsi. Na tuɓe riga da hula na ba Lauwali, ya tsaya a gaɓa yana nuna mini wuri da sanda. Ruwan ya kai ƙirji, kore, da kwaɗi. Da ƙafa ake lalube, in an taka mai kaifi sai a nutsa a ciro. Na farko ya yanke ni a tafin hannu.

Hanyar gona ta bi ta wurin. Kafin in fito da na uku an cika gaɓa. Wani ya ce, "Malam hedimasta, kifi aka kamu?" Wata tsohuwa ta ce, "A'a, mulkin kai shika tsamowa, nan yaz zuba shi." Aka yi dariya sosai. Na san irin dariyar, na taɓa jin ta daga ɗaya gefen.

Malamaina biyu sun zo wucewa a kan keke. Ɗaya ya kau da kai don ya rufa mini asiri. Ɗayan ya sauka ya fara naɗe wando, na ce ya bari.

Kowane ɓalli na ɗora shi a ka na kai gida da kaina, ta babbar hanya, ba ta lungu ba, ruwan laka yana bin fuskata. Yau shida.

Lahadi, 26 ga Agusta

Bakwai. Masu kallo sun ragu. Zazzaɓi kaɗan.

Litinin, 27 ga Agusta, da yamma

Huɗu na ƙarshe. Goma sha bakwai sun cika.

An jera su a tsakar gida, bayansu a sama, aka haɗa kamar fasasshiyar tukunya. Baba Tambaya ya rarrafa a kansu, ya kama hannun Bube yana bi da shi layi layi, yana faɗa masa inda ake danna yatsa da inda ake sassautawa. Suka kwaɓa yumɓu suka danna a ciki suka ɗago, sai ga zanen ya fito daidai yadda na san shi tun ina yaro, dagi biyu a gefe, takobi a kowace kusurwa, tasbaha ta kewaye duka. Goggo ta sa aka kawo mata ɗaya ta riƙe a cinya.

Sai hannun tsohon ya faɗa a fili, daidai tsakiya. Ya lalubi ƙasa. Faɗin faifai biyu.

Ya ce, "Na saman ƙofa fa? Mai zanen allon?"

Na dubi Ummu, ta dubi ƙasa. Na ce wannan ba ya kududdufi. Na ce shi ya faɗo wa Goggo, na daka shi da taɓarya har ya zama gari.

Ya janye hannunsa daga filin. Sannan ya ce, "To. Ka huce?"

Na ce a'a, Baba.

Alhamis, 6 ga Disamba, bayan La'asar

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba. An gama jiya. Bube ya sake ɗora fuskar da tubali, an canja azara biyu, an yi yaɓe hawa uku, an shafa makuba har bangon ya yi ja mai duhu yana ƙyalli. Matan unguwa sun yi daɓen ciki, Goggo tana ba da umarni da sandarta, tana ɗingishi. Mai ɗori ya ce ɗingishin ya zauna ke nan. Ni aikina taka ƙasa da miƙa curin laka, Bube ya ce ban iya komai ba bayan wannan, kuma gaskiyarsa.

Zanen ya koma, Bube yana yi, tsohon yana bi da yatsa yana cewa a sake. Sai tsakiya. Saman ƙofa an shafe shi sumul, faɗin faifai biyu, tasbaha ta kewaye wurin da babu komai.

Na roƙi Baba Tambaya ya sa ko wane irin allo ne. Ya ce bai tuna yadda yake ba, kuma ba zai yi wa ubansa ƙarya a bango ba. Da na raka su bakin gari, Bube ya ja ni gefe ya ce, "Ya tuna sarai. Ran nan ya zana man shi a ƙasa, ya share da ƙafa." Ya miƙo mini hannu, karo na farko. Tsohon daga kan jaki ya ce, "Attahiru, duk rani a yaɓe. Wanda yat tambaye ka tsakiyar, kai ka da amsa."

Ban yi awa guda da dawowa ba wani bafatake ya tsaya da shanunsa yana kallon soron. Ya ce kai, an yi aiki, amma me ya sa aka bar tsakiya fili, ko maginin ya gaji ne?

Na ji bakina ya fara haɗa wata magana a kan yadda mutanen dā ke barin wuri. Tana da daɗi, har ta kusa fita. A bayan ƙofa Goggo ta yi gyaran murya.

Na ce, "Akwai allo a wurin. Ni na fasa shi. In ba ka sauri, zauna in gaya maka."

Ya ɗaure shanunsa ya zauna.